Kayan da ba a rubuta ba, ba su da mai su: darasin Rasha ga Damagaram

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla ya san irin abin da ido ke sha a wurin. Kakaki na kira, tambura na amsawa, algaita na biye. Ga dawaki sun sha ado tun daga linzami har likkafa, ga mahaya cikin alkyabba da rawani, wasu cikin lifidi da kwalkwali, takubba da masu sai walƙiya suke yi cikin rana. Kafin la'asar ƙura ta lafa, jama'a ta watse, kayan kuma a mai da su inda aka fiddo su. To, ga tambayar da ta hana ni sakat: ina kayan nan suke kwana? Wa ya san adadinsu? In takobi ɗaya ya yi ƙafa tsakanin ƙaramar salla da babba, wa zai lura, kuma da wace shaida za a je gaban alƙali a ce namu ne?

Abin da ya tayar mini da wannan tambaya shi ne tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma rushe a farkon watan Satumba na shekara ta 2024 saboda ruwan sama mai yawa. Ranar nan duk garin ya girgiza, labari ya kai Yamai, ya tsallaka har ƙasashen waje. Gini kenan, wanda in ya faɗi kowa na jin ƙararsa. Amma kundin malami da gara ta cinye, ko sirdin da aka sayar wa dillali da dare, su ba su yin ƙara. Rushewarsu shiru ce, ba mai zuwa jaje.

Abin da ƴan'uwanmu suka gano a Masko

Mai karatu na iya cewa, to mene ne haɗin Damagaram da Rasha? Akwai haɗi. Ƴan Nijar da dama sun yi karatu a Tarayyar Sobiyet, sun komo likitoci da injiniyoyi. Manyanmu sun saurari sashen Hausa na Rediyo Masko. A shekara ta 1963 an buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Masko, bisa jagorancin wani shehun malami na Leningirad mai suna Olderogge. Bayan wannan kuma, Rashawa mutane ne da suka yi sarauta mai ƙasaita, sarautar ta faɗi, yaƙi da yunwa suka bi ta kansu, amma har yau kayan sarakunansu suna nan ana kallo. Yadda suka yi hakan, da inda suka yi kuskure, duka abin dubawa ne gare mu.

A cikin fadar Kiremlin ta birnin Masko akwai wani gida da ake kira Ɗakin Makamai, wanda aka mai da gidan tarihi tun 1806. Bahaushen da ya shiga wurin ba zai ji baƙunci ƙwarai ba, don kuwa abin da ke ciki shi ne sulke da kwalkwali da garkuwa, sirdi da linzami masu ado da zinariya, karagun mulki, tufafin sarakuna, da kyaututtukan da sarakunan Farisa da Turkiyya suka aiko. A filin fadar kuma ga wata igwa ta tagulla da aka ƙera a 1586, nauyinta ya kusa tan 40, ba a taɓa kai ta fagen fama ba, amma kullum baƙi na tsaye gabanta suna ɗaukar hoto. Mu kuwa da Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya sa aka ƙera igwa a nan cikin garin Zinder, aka kuma kai ta fagen daga, ɗan lakkol nawa ne a jaharmu zai iya faɗin yadda aka narka ƙarfenta, ko sunan gidan maƙeran da suka yi aikin?

Wannan al'ada ta adana kaya ba daga sama ta faɗo wa Rashawa ba. Sarki ne ya dasa ta. Sarki Bitrus Babba ya kafa gidan tarihinsu na farko a 1714, a sabon birnin da ya gina, Sen Petersbur. A 1718 ya fitar da doka cewa duk wanda ya tono wani tsohon abu daga ƙasa, ko makami ne ko tukunya ko dutse mai rubutu, ya kawo wa hukuma a ba shi lada. Kafin nan masu tonon kaburbura a Siberiya narkar da zinariyar mutanen da suke yi su sayar da awo. Abin da aka ceto a zamanin yana nan har gobe. A 1764 Sarauniya Katarina ta sayi zane-zanen hannu 225 daga wani ɗan kasuwar Berlin, wannan ne mafarin gidan Ermitaj, wanda aka buɗe wa jama'a a 1852, yau kuma yana ɗauke da abubuwa wajen miliyon 3. Attajirai ma ba a bar su baya ba: wani ɗan kasuwar Masko, Tretyakof, ya soma tara ayyukan masu zanen ƙasarsu a 1856, a 1892 ya ba birnin kyauta, gida da kaya gaba ɗaya.

Akwai wani kamanci da ya kamata mutanen Damagaram su lura da shi. A 1918 aka ɗauke hedkwatar Rasha daga Sen Petersbur aka mai da ta Masko. A 1926 Nasara suka ɗauke hedkwatar Nijar daga Zinder suka kai ta Yamai. Garuruwan biyu sun ɗanɗani ɗacin wannan abu. Sai dai Sen Petersbur, wadda aka daɗe ana kira Leningirad, ta rasa gomnati amma ba ta rasa baƙi ba, don miliyoyin mutane na zuwa kallon abin da ta adana. Garin da aka raba da mulki, abin da ya rage masa na tinƙaho shi ne tarihinsa. In shi ma ya bari ya zube, to, ya yi biyu babu.

Darussa huɗu

Darasi na farko na lokacin yaƙi ne. Da sojan Hitila suka faɗa wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuni na 1941, ma'aikatan Ermitaj ba su tsaya neman shawara ba, don shugabansu, Orbeli, ya riga ya tanadi akwatuna tun kafin yaƙi, kowane abu an san akwatin da zai shiga. Cikin ƴan makonni jiragen ƙasa biyu suka kwashe abubuwa fiye da miliyon ɗaya zuwa Sberdlobsk, can cikin duwatsun Ural. Na uku bai samu fita ba, hanya ta toshe. Aka yi wa birnin ƙawanya daga Satumba 1941 har Janairu 1944, dubban ɗaruruwan mutane suka mutu da yunwa da sanyi. An cire zane-zanen, amma katakan da ke zagaye da su an bar su rataye a bango, don kowane zane ya san gurbinsa ranar komowa. A watan Oktoba na 1945 kaya suka dawo. Abin da ya cece su ba bindiga kaɗai ba ce. Rajista ce, da lamba a jikin kowane abu, da mutanen da suka yi shiri tun ana zaman lafiya.

Darasi na biyu na lokacin talauci ne, kuma shi ya fi kusa da mu. A wajajen 1930 gomnatin Stalin na neman kuɗin waje ido rufe don sayen injuna, sai ta shiga sayar da kayan gidajen tarihi a asirce. Wani attajirin Amurka, Mellon, wanda a lokacin shi ne ministan kuɗin ƙasarsa, ya sayi zane 21 daga Ermitaj a kan dala fiye da miliyon shida da rabi, cikinsu har da aikin Rafayel. Waɗannan su ne suka zama ginshiƙin babban gidan zane na Washinton, wanda aka buɗe a 1941. Injunan da aka saya da kuɗin sun yi tsatsa tun tuni, zanen kuwa suna Amurka, kuma ba wata kotu da za ta maido su, tunda ba sata aka yi ba, ciniki ne. Abin da aka ƙwace maka da ƙarfi kana da bakin neman sa. Abin da ka miƙa da hannunka ka karɓi kuɗi, ya tafi kenan.

Darasi na uku na ɓarawon gida ne. A 2006 Ermitaj ta sanar da cewa abubuwa 221 sun ɓace daga sashen kayan Rasha, yawanci kayan azurfa da na ado da na ibada. Ba wanda ya fasa ƙofa. Daga ciki aka riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Me ya tona asiri? Ƙidaya. An ɗauko rajista ana duba ta da abin da ke cikin ma'aji, sai aka tarar da gurabe babu kaya. Da aka buga jerin abubuwan da suka ɓace, wasu dillalai suka maido da abin da ke hannunsu, gomnati kuma ta ba da umarnin a ƙidaya kayan gidajen tarihin ƙasar duka. A lura da kyau: rajista ba ta hana sata ba, amma ita ta sa aka san an yi satar. Inda babu rajista, ɓarawo ma ba ya buƙatar gudu.

Darasi na huɗu na kayan da suka tafi baƙunci ne. A watan Satumba na 2021 aka buɗe wani babban baje koli a birnin Faris, na zane wajen 200 da wasu attajiran Masko biyu, ƴan'uwan juna masu suna Morozof, suka tara fiye da shekara ɗari da ta wuce, na masu zanen Faransa da na Rasha. Gidajen tarihin Rasha ne suka ba da aro. Ana cikin kallo yaƙin Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, Faransa da Rasha suka zama ba su ga maciji. Mutane da yawa suka zaci kayan sun maƙale. Amma a watan Mayu na shekarar aka mai da na gidajen tarihin gomnatin Rasha gida, domin tun kafin su fito an jera su a takarda, gomnatin Faransa kuma ta sa hannu cewa ba mai ikon riƙe su. Zumunci ya ɓaci, takarda ba ta ɓaci ba.

Namu baje kolin, da abin da ya biyo baya

Kada a ce misalin ya yi nisa, ga namu na gida. A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, cikin ƙasar Tera, a 1983 kuma masanin tarihinmu Bube Gado ya yi tono a wurin, ya fiddo tukwane da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. A 1993 aka buɗe baje kolin kayan tarihin kwarin kogin Kwara a Faris, daga baya ya zagaya manyan biranen Afirka ta Yamma har da Yamai. Duniya ta ga kayan Bura ta yaba. Sai me? Sai kasuwa ta buɗe. Dillalai suka bazu cikin ƙauyuka, talakawa suka ɗauki diga da shebur, aka tone wuraren tarihi barkatai, aka loda kaya aka fitar. A shekara ta 2000 sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Wanda ya baje kolin dukiyarsa bai ƙidaya ta ba, bai kuma sa mata mai gadi ba, talla ya yi wa ɓarayi.

Ba doka muka rasa ba. Tun watan Yuni na 1997 Nijar ke da dokar kare kayan tarihi da al'adu. Amma doka na kare abin da aka san da shi ne. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjon wani dutse a Niyok, wanda ya faɗo daga duniyar Mars, nauyinsa ya kusa kilo 25, aka sayar da shi fiye da dala miliyon biyar. A jahar Agadas aka tsince shi a 2023. Sai bayan ya kai Amurka hukumominmu suka buɗe bincike kan yadda ya fita. In dutse mai nauyin rabin buhun siminti ya tsallake iyaka, ina ga takobi ko kundi?

Abin da Damagaram ke da shi

Damagaram ba ƙaramar daula ba ce. Nan ayarin Tarabulus ke sauka kafin ya wuce Kano ko Kukawa. Baturen Ingila Richardson ya sauka garin a 1851, Barth na Jamus ya iso a ƙarshen 1852, dukansu sun rubuta abin da suka gani. Tanimun ya kewaye Birni da garu, ya tara bindigogi. A 1898, zamanin Amadu Kuren Daga, aka kashe Kyaftin Kazmaju a nan. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini, Nasara suka shiga gari, Sarki ya rasa ransa a cikin shekarar. A 1906 aka tuɓe Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi Kodebuwa, sarauta ba ta dawo ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa. Kowace ɗaya daga waɗannan girgizar ta watsa kaya. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda amanar bayin Allah da suka ɓoye shi cikin ɗakunansu.

Yau kayan suna warwatse. Wasu suna fada. Wasu suna gidan tarihin jaha. Mafi yawa suna gidajen hakimai da jikokin mayaƙa, da gidajen tsofaffin attajiran Zango, da zaurukan malamai, inda littattafan hannu ke kwance cikin gafaka, da wurin dukawa da majema da maƙera waɗanda suka gaji kayan aikin kakanninsu. Maƙiyansu kuwa huɗu ne, kowa ya san su: gara, yoyon damina, rabon gado, da dillali. Gara da yoyo ba su da wayo, ana iya maganinsu. Rabon gado shi ke raba Alƙur'ani mai rubutun hannu da gafakarsa, ya raba sirdi da likkafarsa. Dillali kuwa ba ya zuwa sai ranar da ya san hatsi ya ƙare ko yaro na kwance asibiti, ya ajiye jika hamsin, ya tafi da abin da za a sayar da miliyoyi a Turai. Ba na zargin magidancin da ya sayar. Gomnatin Stalin ma, da sojanta da ƙarfinta, ta sayar. Laifin na al'umma ne da ba ta tanadar masa wata ƙofa ba.

Tun 2006 aka sa tsohon garin Zinder, unguwar Birni da fadar Sarki, cikin jerin wuraren da Nijar ke son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Agadas ta samu shiga a 2013. In muna son bin sawunta, abu na farko da masu bincike za su tambaya shi ne: me kuke da shi, a ina yake, wa ke kula da shi?

Masu ja da wannan magana

Na san akwai masu cewa kayan sarauta ba na gilashi ba ne. Tambari in ba a kaɗa shi ba ya zama akushi, alkyabba in ba a yafa ta ba ta zama tsumma. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, kuma Rashawa kansu sun yi wannan gardama. A 2023 gomnatinsu ta ɗauke wani shahararren zanen addini na ƙarni na 15, aikin Rublef, daga gidan Tretyakof, inda yake tun 1929, ta miƙa wa coci. Limaman coci suka ce don ibada aka yi shi, masana suka ce katakon ya tsufa, fita da shi na iya hallaka shi. Amma ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Kambun sarautar Ingila yana ajiye inda jama'a ke biyan kuɗi su kalla. Da aka zo naɗin sabon sarki a watan Mayu na 2023 aka ɗauko shi, aka gama aka mai da shi. Sarakunan Bamun na Fumban, a Kamaru, sun buɗe sabon gidan tarihi dab da fadarsu a 2024, sarautarsu kuma ba ta ragu da komi ba. Kano na da Gidan Makama. Tambari na iya kwana cikin rajista ya kuma fito ranar salla.

Akwai kuma masu tsoron cewa rubutawa ita ce matakin farko na ƙwacewa. Wannan tsoro ma ba na banza ba ne. Mutanen da suka ga ƙidayar Nasara, wadda haraji da aikin dole ke biyo bayanta, ba za a ga laifinsu ba in sun ga mai kaye da bik sun rufe ƙofa. Zanen Morozof ɗin da muka ambata, ai mafi yawansu ƙwace su gomnatin juyin juya hali ta yi a 1918. Wannan ɓangare na darasin Rasha ba abin koyi ba ne. Don haka sharaɗin farko shi ne kaya su zauna hannun masu su. A rubuta, a ɗauki hoto, a ba mai gida takardarsa, a bar masa abinsa. In kuma wata rana matsi ya sa dole ya sayar, a ba fada ko gidan tarihi damar saye kafin baƙo.

Na uku su ne masu cewa garin da mata ke kwana a bakin famfo suna jiran ruwa ba shi da lokacin tsofaffin takubba. Ba mai musun cewa ruwa ya fi takobi. Sai dai abin da nake kira a yi ba gini ba ne na miliyoyin sefa, ba kuma sai an jira wata ƙasa ta kawo taimako ba. Kaye ne, da bik, da ma'auni, da salula mai ɗaukar hoto, da mutane masu haƙuri. Ruwa in an samu kuɗi baɗi ana iya jawo shi; kundin da gara ta ci bana ba kuɗin da zai maido shi.

Abin yi

Shawarata ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, ita ce aikin ya soma daga fada, don in fada ta buɗe ɗakinta aka ƙidaya, ba hakimin da zai ƙi buɗe nasa. A kafa ƴan kwamiti kaɗan: wakilin fada, wakilin malamai, ma'aikacin gidan tarihi, da malaman tarihi na jami'ar garin nan, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Andre Salifu, ɗan Zinder da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. Ɗalibai su bi gida gida tare da mai unguwa. Kowane abu a ba shi lamba, a auna shi, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta da Hausa da Faransanci. A yi kofi uku: ɗaya a fada, ɗaya a jami'a, ɗaya a Yamai, don in wuta ko ruwa ya ci ɗaya, biyu su tsira. Hotunan manyan abubuwa kuma a ba ƴan duwan da jandarmomin iyaka. Ƴan kasuwarmu masu hali, waɗanda ba su gajiya da gina masallatai, Allah ya saka musu, su tuna da Tretyakof: ɗaki ɗaya mai rufin kirki da ƙofar ƙarfe ba zai gagare su ba.

Abu mafi gaggawa shi ne bakin tsofaffi. Takobin da ba a san mai shi ba, ba a san yaƙin da ya je ba, ƙarfe ne kawai, maƙeri na iya mai da shi lauje. Abin da ke mai da shi tarihi shi ne tsohuwar da za ta ce wannan na kakan ubana ne, da shi ya je Tirmini, ga inda ya karye. Makaɗan fada da maroƙa da dogarai tsofaffi suna riƙe da irin wannan sani a ka, kuma kowace shekara muna kai wasunsu makwanci. A rubuta abin da suka faɗa a gefen lambar kowane abu, a naɗi muryarsu, tun suna iya magana.

Daga nan ne za mu iya ɗaga kai mu nemi abin da ya fita. Tun jawabin shugaban Faransa a Wagadugu a 2017 ake maganar maido da kayan Afirka. A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta mai da wa Benin abubuwa 26 na fadar Abome, waɗanda sojanta suka kwasa a 1892, mutanen Kwatano kuma suka yi dogon layi don ganin su. Benin ta samu ne domin ta san abin da take nema, ta ambace shi ɗaya bayan ɗaya, ta kuma tanadi inda za ta ajiye. Wanda bai san abin da ke cikin ɗakinsa ba, yaya zai san abin da ya ɓace masa? Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sai in yana shiga ɗakin.

Salla na tafe, dawaki za su sake fitowa, za mu sake tsayawa ƙofar fada mu yi kallo. Fatana shi ne a wannan karo, in an sauke sirdi aka kwance lifidi, a samu wani yaro da kaye a hannu yana tsaye bakin ɗakin ajiya, yana tambayar tsoho sunan kowane abu kafin a rufe ƙofa.